RIKICIN SUDAN DA DARASIN DA KE CIKIN TARIHIN JEGA

Daga Wakilinmu

Ranar Asabar, 15 ga watan Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na watan Azumi, mutanen birnin Hartum suka wayi gari da rugugin manyan bindigogi. Hafsoshi biyu waɗanda a da suke cin tuwo a akushi ɗaya, watau Janar Abdulfatah Burhan, shugaban sojojin Sudan, da Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidati, shugaban rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF, su ne suka juya wa juna makamai. Kafin ƙarshen 2025, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna fiye da mutum miliyan 11 ne yaƙin ya raba da gidajensu. A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da yunwa ta kama sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur, a watan Oktoba na 2025 kuma birnin Alfashir ya faɗa hannun RSF bayan ƙawanyar wata 18, aka yi kashe-kashen da baki ba ya iya faɗa.

Mai karatu a Jega ko Aliero ko Maiyama yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Larabawa ne da maƙwabtansu suke ta fama can gabas, mu kuwa ga tsadar taki da kuɗin makaranta sun ishe mu. To, akwai dalilai biyu da suka sa wannan magana ta shafe mu. Na farko, cikin waɗanda ake kashewa a can akwai jininmu. Na biyu kuma, cutar da ta kwantar da Sudan ta soma ƙwanƙwasa mana ƙofa, maganinta kuwa yana nan ajiye a cikin tarihin garin Jega, in da za mu waiwaya mu duba.

JININMU A BAKIN KOGIN NILU

Kafin zuwan jirgin sama, duk wanda ya yi niyyar Hajji daga ƙasar Gwandu gabas yake nufa da ƙafa ko bisa jaki, ya bi ta Kano da Barno da Wadai, ya shiga Darfur, ya ratsa Kurdufan, har ya kai bakin Bahar Maliya a Sawakin ya jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai alhaji ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, wani ya yi aure ya haihu, shi ke nan zama ya kama shi. Daga baya kuma, bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya tashi da jama'a mai yawa ya nufi gabas. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, gumin waɗannan mutane, waɗanda 'yan ƙasar suke kira Fallata ko Takari, yana cikin abin da ya raya su.

Amma fa gumi bai sai musu 'yancin zama ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Watau jikokin mutanen Attahiru, da yawancin alhazan da suka yada zango bayan wannan shekara, an bar su a bakin ƙofa. An sassauta dokar daga baya, amma abin da ta shuka a zukata bai mutu ba: Bahaushe a can baƙo ne ko da kakan kakansa a nan aka binne shi.

Abin da aka shuka shi ya tsiro a watan Yuli na 2022 a jihar Bulu Nayil, wadda take kan iyaka da Habasha. Hausawan yankin sun nemi a ba su masarauta tasu cikin tsarin sarakunan gargajiya, sabo da a can wanda ba shi da sarki ba shi da bakin magana a kan gona. Wasu daga cikin ƙabilun Barta da Hamaj suka ce ƙasar ta kakanninsu ce, baƙo ba ya sarauta a kanta. Faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewaye, aka kashe fiye da mutum 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Fot Sudan da Hartum. A watan Oktoba na wannan shekara aka sake gwabzawa a Wad Almahi, cikin 'yan kwanaki aka rasa kimanin mutum 200. Mai karatu ya lura, yawancin waɗanda suka kashe juna alƙibla ɗaya suke fuskanta. Gona da sarauta ne suka haɗa su. Da babban yaƙi ya zo kuma, sai ya ratsa ta Wad Madani a watan Disamba na 2023, ya shiga jihar Sinnar a 2024, watau tsakiyar inda mutanenmu suka fi yawa.

INDA WUTAR TA SAMO ASALI

Duk mai son ya fahimci yadda aka yi Hamidati ya sami rundunar da za ta iya ja da sojojin ƙasa, tilas ya koma Darfur. A can kowace babbar ƙabila tana da yankinta, sarakunanta ne suke raba gonaki, su shata burtali, su yanke diyya in an yi ɓarna. Wasu Larabawa makiyayan raƙuma na arewa kuwa ba su da yankin kansu, da amincin manoma suke ratsawa. A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta yi doka ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, a 1971 kuma ta soke mulkin sarakunan gargajiya, ba ta kuwa kawo abin da zai maye gurbinsu ba. Sai ga farin 1984 da 1985, irin wanda mu ma muka ɗanɗana a nan. Makiyaya suka gangaro kudu suka tarar manoma sun shinge burtali, ga kuma bindigogin yaƙin Chadi da Libiya sun cika kasuwa. Daga 1987 zuwa 1989 aka yi yaƙi tsakanin ƙabilar Fur da Larabawa.

Da 'yan tawayen Darfur suka tashi a 2003, gwamnatin Umar Albashir ta ga hanya mafi araha ita ce ta raba wa matasan makiyayan nan makamai ta sake su a kan ƙauyukan manoma. Su ne duniya ta sani da sunan Janjawid. A 2013 aka sa musu kaki aka raɗa musu suna RSF. Shekara goma bayan nan, ɗan zakin da aka rena a gida ya girma, ya juyo kan fadar shugaban ƙasa.

TAKARDUN SULHU

Ba za a ce ba a yi ƙoƙarin sulhu ba, mu 'yan Nijeriya ma shaidu ne, domin a gidanmu aka yi wani. Tun daga 2004 ake zama a Abuja a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, Salim Ahmed Salim na Tanzaniya ya zama babban mai shiga tsakani, har ranar 5 ga watan Mayu, 2006, aka sa hannu a gaban Shugaba Obasanjo. Amma cikin manyan shugabannin 'yan tawaye uku, Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu, Abdulwahid Nur da Khalil Ibrahim suka ƙi. Makiyayan da aka ba makamai ba su da kujera a wurin, haka nan talakawan da ke sansanoni. An ba Minnawi babban muƙami a fadar shugaban ƙasa, a 2010 ya koma daji. A tsakanin nan, a watan Satumba na 2007, aka kai wa sojojin kiyaye zaman lafiya hari a Haskanita aka kashe goma, bakwai daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Mun biya kuɗin wannan takarda da jinin 'ya'yanmu.

Su kansu mutanen Sudan sau uku suna fitowa kan titi hannu rabbana su kayar da mulkin soja: a watan Oktoba na 1964 suka kori Janar Ibrahim Abbud, a Afrilun 1985 suka kori Numairi, a Afrilun 2019 suka kori Albashir. Sau ukun kuwa soja suka dawo, a 1969 da 1989 da 2021. Yarjejeniyar Juba ta watan Oktoba, 2020, ita ma haka ta ƙare. An raba wa shugabannin 'yan tawaye kujerun ministoci da na gwamnoni, kowa yana riƙe da dakarunsa, batun gona da burtali kuwa ya tsaya a takarda. Ba a yi shekara biyu ba aka yi kisan Bulu Nayil. Alkawarin kare farar hula da wakilan Burhan da na Hamidati suka sa wa hannu a Jidda a watan Mayu na 2023, tawadarsa ba ta bushe ba aka karya shi.

Sulhu ɗaya ne ya daɗe, watau na Adis Ababa na 1972, wanda ya kashe wutar yaƙin Kudu da Arewa na shekara 17. Dalilin daɗewarsa shi ne an ba mutanen Kudu majalisa da gwamnatin yankinsu a Juba, an kuma shigar da mayaƙansu cikin sojan ƙasa. Shekara 11 aka yi ana shan iska. Da Numairi ya rushe wannan tsari a 1983 ya raba Kudu gida uku, yaƙi ya dawo, bai tsaya ba sai 2005, a 2011 kuma ƙasar ta rabe biyu. Masu ɗori na Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, sun san cewa ƙashin da aka ɗora a karkace ko fata ta rufe mai shi ba zai taka ba, wata rana sai an sake karya shi. Yawancin sulhun Sudan irin wannan ɗori ne.

YADDA AKA KAFA JEGA

Yanzu bari mu dawo gida. Yaranmu da yawa suna haddace ranakun yaƙe-yaƙen Turai, amma ba su san cewa garin Jega kansa ɗan sulhu ne ba. Malam Abdussalami, malami ne Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya zauna da jama'arsa a Gimbana, ba nesa da inda Jega take yanzu ba. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta ci Gimbana ta kama mutane, da aka biyo da su ta kusa da Degel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan al'amari yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ke nan Gimbanawa suna cikin waɗanda suka fara shan wuya sabo da jihadi.

Bayan an ci nasara, Malam Abdussalami ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu a 1817, sai saɓani ya fito fili tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sun yi ta musayar wasiƙu, Bello ya tattara labarin a littafinsa Sardul Kalami, amma alƙalami bai kashe wutar ba. Aka yi yaƙi a Kware, Malam Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Sauran jama'arsa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka ci gaba da turjiya, har Sarkin Musulmi Bello ya kawo wa baffansa Malam Abdullahi ɗauki aka ci garin. A nan ne ma baffa da ɗa suka daidaita tsakaninsu bayan 'yar tsamar da ta biyo rasuwar Shehu.

Ba mu da hurumin yanke hukunci tsakanin magabata, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Abin lura shi ne abin da aka yi bayan an ci yaƙi. Masu nasara suna da ikon su watsa Gimbanawa cikin duniya, ko su bar su suna raɓe-raɓe a gefen garuruwan wasu ba gona ba sarki, kamar yadda aka bar makiyayan Darfur da Hausawan Bulu Nayil. Maimakon haka sai aka karɓi Buhari ɗan Abdussalami, aka ba shi izni ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara wajen 1820, ya tara mutanen ubansa a ƙarƙashin tutar Gwandu. Ɗan wanda aka yaƙa jiya ya zama madogara. Ko da Kabawa suka tayar a 1849 aka shiga dogon yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu, Jega tana ɓangaren Gwandu. Sarautar Sarkin Kabin Jega daga nan ta samo tushe, garin kuwa ya zama babbar kasuwar da fatake suke nufa daga kowace kusurwa. Yau kimanin shekara 200 ke nan ɗorin bai goce ba.

Wani zai ce, ashe ba wannan ne aka yi wa Minnawi ba, ɗan tawaye ya ajiye bindiga a ba shi sarauta? Akwai bambanci babba. Abin da aka bayar a Abuja da Juba kujera ce ta mutum ɗaya, da mota da albashi, mabiyansa suna daji da bindiga, talakawan da ya ce dominsu yake yaƙi suna sansani. Abin da aka bayar a Jega kuwa ƙasa ce ta jama'a guda, inda kowa zai kafa bukka ya yi shuka ya san wanda zai kai wa ƙara, kuma an ba da ita ne bayan takobi ya koma kube, a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Sulhun kujera yana koya wa matasa cewa bindiga ita ce gajeriyar hanyar arziki. Mutumin da yake da gona da rumbu kuwa shi ne na farko da zai hana ɗansa shiga daji.

Wani kuma zai ce ai hannun ƙasashen waje ne, masu kwaɗayin zinariyar Sudan da tashoshin jiragen ruwanta. Gaskiya ne, makaman da ake harbawa a Darfur ba a can aka ƙera su ba, kuma an yi ta zargin wasu ƙasashen Larabawa da rura wutar, kowace da nata ɗan lele. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

GEMUN ƊAN'UWA

In muka dubi ƙasarmu da idon basira za mu ga tsagar ta soma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 sun rage wa hakimai da dagatai iko a kan gona, ma'aikatan da aka miƙa wa ikon kuwa ba kullum suke sanin inda burtali ya bi ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a littafi, amma nawa ne daga cikin filayen da aka keɓe ba a nome ba? Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, fadama ta yi daraja. Wannan alheri ne, babu mai musu. Sai dai fadamar da yau take cike da shinkafar rani da albasa, ita ce jiya shanu suke sauka da rani su sha ruwa su ci ɗanyar ciyawa. In ba a zauna an shata wa kowa hanyarsa ba, sanda da fartanya za su shata da kansu.

Batun ɗan zaki ma ba baƙonmu ba ne. Mutanen da ake kira Lakurawa, da farko wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato sun karɓe su ne a matsayin masu taya su korar ɓarayin shanu. A watan Nuwamba na 2024 su ne suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie ta jiharmu.

Sabo da haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, tare da Majalisar Masarautar Gwandu, su yi abubuwa uku tun rana ba ta faɗi ba. Na ɗaya, a kowace gunduma a kafa zaman sulhu na dindindin wanda ya ƙunshi hakimi da dagatai da arɗo da sarkin noma da liman, a riƙa zama kafin kaka, tun ba a zub da jini ba. A bi burtali da mashaya da ƙafa, a kafa alama, a rubuta, a ajiye kofe a fada da ofishin ƙaramar hukuma. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero tana iya taimakawa da awo da zanen taswira, wannan ma hidima ce ga jama'ar da suka ba ta masauki.

Na biyu, duk ƙungiyar 'yan banga ko 'yan sa-kai a san sunan kowane mutum da ke cikinta, ta kasance a ƙarƙashin 'yan sanda da hakimi, kada kuma a yarda ta zama ta ƙabila ɗaya. Wanda aka kama a kai shi gaban alƙali. Ranar da aka fara yanke hukunci a bakin kasuwa sabo da kamannin mutum ko harshensa, ranar aka ɗauki hanyar Darfur.

Na uku, a duba batun takardar shaidar ɗan ƙasa. Akwai Yarbawa da Ibo da Nufawa da Zabarmawa da Fulanin rugage waɗanda a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, a nan suke biyan haraji. Ba daidai ba ne mu yi kukan abin da aka yi wa Bahaushe a Rusairis, sa'an nan mu juyo mu ce wa wanda aka yanke wa cibiya a Jega ya tafi garin kakansa ya nemo takarda.

Ga Gwamnatin Tarayya kuma, kwaso ɗalibai da aka yi a 2023, wanda rukunin farko na mutum 376 ya sauka Abuja ranar 3 ga watan Mayu bayan kwanakin wahala a kan iyakar Masar, abin yabo ne, amma bai sauke nauyi ba. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin zaman Abuja, ta kuma binne sojojinta na Haskanita, tana da bakin faɗa a Tarayyar Afirka cewa duk teburin da za a kafa domin Sudan, a ajiye kujerar manomi da makiyayi da sarakunan gargajiya da matan da ke sansanoni, har da Hausawan bakin Nilu, a kuma sa batun ƙasa a gaba da batun rabon ministoci.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan kuwa ba sai mun je nesa nema ba, magabatanmu sun bar mana shi a bakin Gulbin Zamfara. Allah Ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.